Injin da Darakta Ya Saya Wajen Surukinsa

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai tun da na ajiye aiki, har sunan wasu jikokina sai an tuna mini, amma ranar da Darakta ya kira ni ofishinsa ya ce in turo ƙofa, ita kam ta ƙi zubewa. Laraba ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya. Tun da ku yaran gareji kun dame ni da son jin labarin daga bakina, ga shi na rubuta. Wanda bai gane rubutuna ba ya nemi wanda ya fi ni boko ya karanta masa, ba zai sha wahalar nema ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sahabi, kuma fita ne ni a garejin ma'aikatarmu da ke Gwandu, shekara talatin da uku. Fita shi ne wanda ake kawo wa inji idan ya mutu, ya kwance shi, ya gyara abin da ya ci, ya mayar, kuma kada ƙusa ko ɗaya ta yi saura a ƙasa. Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma na huɗun ban ƙarasa ba, sai jarrabawar sana'a da na ci sau uku. Na maƙale a mataki na shida shekara goma sha ɗaya. Mataki na bakwai shi ne na foman, wato babban gareji, kuma ga ƙa'idar gwamnati, matakin da mutum ya fita da shi, a kansa ake yanka masa fansho har ya mutu. Ba a hawa sai shugaban sashe ya sa hannu a fom ɗin shekara ya ce ka cancanta. Fom ɗina yana kan teburin Darakta, ƙarƙashin wani kofin shayi, ya shekara huɗu yana jiƙa.

Darakta, Alhaji Haliru, mutumin kirki ne, a ba shi wannan. Digirinsa biyu, duk na sha'anin mulki. Amma ban taɓa jin wanda ya ba da shaidar ya gan shi ya kwance ko da tayar keke ba. Da na shiga ranar, sai ya juyo mini da wayarsa. Wani tsohon Bature ne a cikin ɗaki, da tabarau a kan hanci, yana yanka wa wani faifan tagulla haƙora.

"Sahabi, ka ga wanga?"

"Na gani, ranka shi daɗe. Giyar inji ce shika yankawa."

"To hobi na. Ni ma badi zan aje aiki, kuma ba ni zama ƙohwar gida ina ƙirga motoci. Na gina ɗaki gidana na Kalgo. Wanga aiki nika so in riƙa yi."

Na tambaye shi mene ne hobi. Ya ce aikin da mutum yake yi don jin daɗi, ba don a biya shi ba. Na ce a raina, ashe mu duk watan da albashi ya makara hobi muke yi ba mu sani ba.

Na ba shi shawara irin ta wanda ya san abin. Na ce mai farawa bais na matse ƙarfe yake saya, da zarto, da magagari uku, da ƙaramin injin huda. Ya yi wata shida yana goge ƙarfe har tafin hannunsa ya yi kanta, sannan a yi maganar inji. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce waɗannan ai kayan maƙera ne, shi injin yankan haƙori yake so, babba, irin na kamfani. Ranar Asabar za mu je mu saya, ni ne zan duba masa. Da zan fita ya ɗaga kofin shayin nan ya kurɓa, ya mayar da shi daidai inda yake. Na ga gefen fom ɗina ya leƙo, ya koma.

Asabar da hantsi muka kama hanya, Ɗanjuma direba yana ja. Sai da muka kusa Kalgo Darakta ya yi gyaran murya ya ce wajen Alhaji Mamman za mu, mai kawo tsofaffin injuna daga kamfanonin da suka rufe a kudu. Ya ƙara da cewa, "Shi na uban matar yaron nan."

Ɗanjuma ya kalle ni ta madubi. Ni ma na kalle shi.

Bari in yi wa baƙi bayani. "Yaron nan" ɗan farin Darakta ne, wanda ba ya kama sunansa, ko da yake yaron yana da gemu da 'ya'ya biyu. Ke nan mai kayan surukinsa ne, kuma ta wajen ɗan fari, kunya kan kunya. Gidan su Darakta kuwa tsohon gida ne a Gwandu, irin waɗanda ko ruwa ba sa sha a gaban suruki. Tun da aka ɗaura auren nan mutanen biyu ba su taɓa haɗa ido ba. Kowa takalmin ɗan'uwansa ya sani.

Gaisuwa kaɗai ta ci abin da zai ishe ni sauke giyabos. Darakta ya durƙusa, Alhaji Mamman ya fi shi durƙusawa, Darakta ya ƙara yin ƙasa. Aka gaida iyali, aka gaida gajiya, aka gaida ruwa, aka sake dawowa kan iyali. Ni ina tsaye da jakar kayan aiki kamar wanzamin da aka kira suna aka manta da shi.

A rumfar akwai injin yankan haƙori guda biyu. Ɗaya a gaba, kore shar, fenti har yana ƙamshi. Ɗaya can baya, toka-toka, baƙin mai ya lulluɓe shi, kaji sun yi masa ado. Yanzu ku yara ku buɗe kunne, nan ne karatun yake. Tsohon inji idan ka gan shi da sabon fenti, tambayi abin da aka rufe. Wanda ka gani da baƙin mai, jiya-jiya ya bar aiki, kuma wani yana ƙaunarsa har yana ba shi mai. Duban inji matakai uku ne: ka girgiza, ka juya, ka saurara. Ka kama sandar da ke ɗaukar wuƙa ka girgiza ka ji ko boris ya ci. Ka juya kowane hannu gaba da baya. Sannan a kunna, ka ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ƙotar a kunnenka. Inji ba ya iya ɓoye ciwonsa ga wanda ya yi masa haka.

Darakta ya wuce kai tsaye wajen koren, kamar wanda aka kira da suna. Ya shafa shi. Ya ce, "Ma sha Allahu."

Ni kuma na lallaɓa na ɗora hannu a kan akwatin raba haƙori. Wannan akwati shi ne ran injin gaba ɗaya. Yana da hannu da faifai mai ramuka. Ka yanka haƙori ɗaya, ka juya hannun ramuka kaza, ƙarfen ya matsa daidai faɗin haƙori, ka yanka na gaba. Haka har ka zagayo inda ka fara. Idan akwatin yana zamewa a ciki, kowane haƙori zai saci ɗan wuri kamar silin gashi, ba ka gani, sai ka zagayo ƙarshe lissafi ya ƙi haɗuwa. Da na juya hannun, sai na ji ya tafi sakwaf kafin ya kama. Na sake juyawa. Haka. Na zaro ma'aunina daga aljihu.

"Sahabi." Muryar Darakta ƙasa-ƙasa. "Mai da abin nan aljihu. Gidan wa kake?"

Alhaji Mamman, idonsa a ƙasa, ya ce, "A bar shi shi duba mana, Alhaji."

"Haba Alhaji. Kayanka ai ba a dubawa."

"Akwai dai wani can baya, tsoho na, amma..."

"A'a, a'a. Wanga ma ya wadatar. Allah shi saka da alheri."

Daga baya Ɗanjuma ya gaya mini abin da ya faɗo wa Darakta a rai: wai surukinsa yana nuna masa tsohon ne don yana zaton ba zai iya sayen mai kyan ba. To ina shi ina wannan abin kunya. Ciniki ma ba su yi da bakinsu ba. Ɗanjuma suka mayar ɗan aike, yana zuwa nan ya dawo can, alhali tsakaninsu bai fi taku biyar ba, mai saye yana cewa a ƙara, mai kaya yana cewa a rage. Ban taɓa ganin ciniki a juye ba sai ranar.

Aka loda sauran tarkace kuma: wuƙaƙen yanka akwati guda, rabinsu ba na wannan inji ba ne, da sifanoni masu ƙyalli waɗanda ƙusa ɗaya mai taurin kai za ta buɗe musu baki, da farar riga irin ta likita, da tabarau na roba. Magagari ko ɗaya ba a saya ba.

Sai da aka gama komai, a gaban surukin nasa, Darakta ya juyo. "To gwani, mi ka gani?"

Na dubi injin. Na dubi Alhaji Mamman yana haƙa ƙasa da yatsan ƙafa. Na tuna kofin shayi.

"Ranka shi daɗe, hwentin ya yi kyau."

Ban yi ƙarya ba, ku shaida. Fentin ya yi kyau.

A mota na gwada sa'ata. Na ce akwatin rabo yana zamewa, a bari in buɗe shi kafin a fara aiki.

"Ba kai ka ce ya yi kyau ba gaban Alhaji?"

"Hwenti na ce, Yallaɓai."

"Wato surukina ya cuce ni ke nan."

"Ban hwaɗi haka ba."

Muka wuce gidan mai. Sannan ya ce, yana kallon taga, "Yaushe ma ka ce za ka yi ritaya?"

Ɗanjuma ya ƙara murya a rediyo.

Girka injin ya ci mana Asabar uku. Ɗakin hobi an shimfiɗa masa tayil mai santsi, an sa labule da na'urar sanyi, kai ka ce amarya za a kai. Ƙofar ta yi wa injin kaɗan, aka fasa bango. Tayil ya farfashe a ƙarƙashinsa kamar ƙwai. Aka zo kunnawa aka tarar wuta mai layi uku yake ci, gidan kuwa layi ɗaya ne, shi ma sai ya ga dama, aka ɗauko hayar janareta. Sau biyu ina roƙon a bar ni in kwance akwatin nan, aikin yini ɗaya ne. Darakta ya ce sifana za ta kankare fenti, Alhaji Mamman ya zo ya gani ya san an zarge shi.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi walimar buɗe ɗaki. Manyan ma'aikatarmu sun zo, da limamin unguwa, da maƙwabta biyu malaman jami'a, da Alhaji Mamman wanda aka ba kujera a gaba ya ƙi, ya zauna a bakin ƙofa. Aikin da aka zaɓa a fara da shi: giyar injin taliyar Hajiya, matar Darakta, wadda ta cinye. Haƙori ashirin, faɗinta bai kai murfin kwalba biyu ba. A kasuwa ana zuba irinta a faranti tare da allura da maɓalli. Inji mai nauyin shanu huɗu, da janareta, da bango fasasshe, don a gyara abin murza taliya. Liman ya yi addu'a, muka shafa.

Ni na feƙe tagullar na ɗaura ta, na ɗaure tam, na nuna wa Darakta ramuka nawa zai ƙirga. Ya sa farar riga a kan babbar riga, ya sa tabarau a kan tabarau. Kuma don Allah a faɗi gaskiya, ƙirga ya ƙirga daidai. Yana bin ramukan da baki kamar mai jan carbi, bai tsallake ko ɗaya ba. Wuƙa ta shiga tagulla, gari mai ruwan zinariya ya zubo, jama'a suka ce ma sha Allahu. Fuskar mutumin nan ranar, ban taɓa ganinta haka a ofis ba. Har tausayi ya ba ni.

A haƙori na goma na san an gama. Ya kamata a ce muna tsakiyar da'ira, ba mu kai ba. Na ja da baya na jingina da bango.

Ya yanka na ashirin, ya kashe inji, ya cire tabarau na sama, ya kwance giyar ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Kowa kuwa ya gani. Haƙora a jere siriri-siriri, sannan a ƙarshe ga wani dunƙule ya rage, ƙato, kamar haƙorin jaki a bakin ɗan akuya. Ɗaya daga malaman jami'ar ya karɓa, ya ƙirga da bakin biro, ya sake ƙirgawa, ya ce da muryar aji, "Ashirin da rabi."

Janareta kaɗai ke magana.

Yanzu ku duba lissafin da kowa yake yi a ɗakin nan. Masu laifi uku ne za a iya samu. Ko inji, wato surukin da ke zaune a bakin ƙofa ya sayar wa uban mijin 'yarsa ruɓaɓɓen kaya. Ko mai yanka, wato Darakta bai iya ƙirga ramuka ba a gaban ƙananan ma'aikatansa. Ko kuwa wani tsoho mai aji huɗu da ke jingine da bango. Ban ga wanda ya fara juyowa ba, na dai ga idanu sun taru a kaina kamar ƙudaje a kan mangwaro. Darakta ma ya juyo. Kallona kawai yake, irin kallon wanda ruwa ya kai wa wuya.

Na cire hula na sosa kai na mayar.

"Ranka shi daɗe, a gahwarce ni. Ni na ɗaura tagullar ban ɗaure da kyau ba. Tsuhwa ta kama ni."

Kun san yadda taya ke sauke iska? Haka ɗakin ya yi. Darakta ya samu murya nan take. Ya yi mini faɗa mai kyau, da Hausa da Turanci, kan sakaci da rashin kula da ke kashe aikin gwamnati. Alhaji Mamman ya taso ya ba da haƙuri a madadina, ya ce ɗan Adam ajizi ne. Liman ya kawo nasiha kan riƙon amana. Aka shigo da shinkafa. Na ci faranti biyu, don na ga na biya.

Litinin ƙarfe goma saura, masinja ya kawo mini kwafin fom ɗina, da zoben shayi a tsakiyarsa da sa hannu a ƙasa. Darakta ya rubuta cewa ni ma'aikaci ne mai ƙwazo wanda ya san aikinsa ciki da waje. Wata uku bayan nan takardar foman ta fito.

Sai dai labari ya riga ni isa Gwandu. Manoman Kambaza da Malisa da suka saba kawo mini injin ban-ruwa ranar hutu, suka koma wajen wani wanda ni na koya masa riƙon sifana. Wai hannun Sahabi ya fara rawa. A tasha, a wajen jana'iza, har a sahun Juma'a, sai in ji an ce, "Ashirin da Rabi, an wuni lahiya?" Mai ɗakina ta ji a gidan biki. Ta dawo ta ce, "Malam, ashe abin har ya kai haka?" Na ce mata ta jira fansho.

Bayan kamar wata guda, da yamma ina zaune a ƙofar gida, sai ga motar Alhaji Mamman. Ya sa aka sauke mini buhun albasa da turmin shadda. Muka gaisa, ya zauna a tabarmata, ya daɗe yana wasa da makulli.

"Malam Sahabi, Allah shi ruhwa maka asiri yadda ka ruhwa min. Akwatin nan na san shina zamewa. Don baƙo na sa anka yi mai hwenti, ban san Alhaji za shi zo ba."

"To mi ya hana ka hwaɗa mai?"

"In ce ma uban mijin ɗiyata zaɓenai bai yi ba? Na nuna mai tsohon, ya ƙiya. Don Allah kar shi ji wagga magana."

Ranar da aka yi mini liyafar sallama kuma, Darakta ya ja ni bayan ofis, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Sahabi, tun cikin mota na san gaskiya ka hwaɗi. Da hannuna na ji abin shina sakwaf. Amma ka san Alhaji bai sani ba, shi ma cutarsa anka yi can kudu. Kar ka bari shi ji, ba shi jin daɗi."

Na ce ba zai ji daga bakina ba. Kuma na cika alkawari, ban gaya wa ko ɗaya cikinsu ba. Ku nake gaya wa.

Injin yana nan a Kalgo an lulluɓe shi da tamfol. Ɗanjuma ya ce duk Sallah idan surukan suka haɗu, Alhaji Mamman zai dubi ƙasa ya ce, "Ya inji?" Darakta ya dubi ƙasa ya ce, "Lahiya lau, shina ta aiki." Hajiya kuwa tuni ta aika kasuwa aka sayo mata sabon injin taliya.

Abin da na koya ba shi da yawa, daidai karatuna. Na farko, ƙarfe ba shi da suruki. Mu uku muka san ciwon injin nan, muka haɗu muka yi masa kara, shi kuwa bai yi wa kowa kara ba, a gaban liman ya faɗi abin da ke cikinsa. Na biyu ya shafi mutanen da za ku yi wa aiki. Shekara talatin da uku ina fitar da aiki daidai, ba a ga na isa foman ba. Ranar da na amsa laifin da ban yi ba, kafin shayi ya huce an sa hannu. Fanshon mataki na bakwai ina karɓa, ba zan ce ba shi da daɗi ba. Amma duk wata idan na je karɓa sai na tarar da mai kirana da sunan nan a layi, kuma har yau ban gama auna wanda ya fi nauyi ba.

Saboda haka idan babba ya ce ku raka shi duban inji, kada ku fara da tambayar kamfanin da ya ƙera shi, ko shekarunsa, ko wutar da yake ci. Ku tambayi mene ne tsakaninsa da mai kayan. Idan ya ce baƙo ne, ku ɗauki ma'auni da sukundireba ku shiga mota. Idan ya ce surukinsa ne, ku kwanta zazzaɓi.